Yadda Za Ka Sasanta Jika da Kakanta da Littafi Ba Tare da Ka Taka Ɗakin Tsohon Ba

Bari in fara da alkawari, domin ni ba na aiki a kan wataƙila. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, ba ka kuma saurari matarka ba, 'yarka za ta koma ɗakin kakanta da ƙafarta. Na gwada hanyar da kaina a kan mutum uku, kuma har yau dukkanmu muna da rai.

Ga irin gidan da nake magana a kai. Mahaifinka tsohon hedimasta ne, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makaranta, yanzu yana zaune a ɗakin ƙarshe na gidanka, ciwon mantuwa ya kama shi. Kana da 'ya mai shekara bakwai da ake kira Donme, saboda ba a taɓa yin magana a gabanta ta wuce ba ta ce "don me" ba. Ita da tsohon aminai ne na ƙut da ƙut. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta yar da jaka ta shige wurinsa, su zauna a bakin taga suna ƙirga motocin da ke wucewa, shi jajaye, ita farare, ana musu kamar za a kai ga alƙali.

Sai wata Talata ta shiga da gudu kamar kullum, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "'Yar waye wannan? Maza koma gidanku kafin uwarki ta fara nemanki." Ta fito ba ko hawaye. Tun daga ranar, in za ta wuce ƙofarsa sai ta manne da ɗaya bangon. Shi kuma tsohon bai san abin da ya rasa ba, amma ya fara mayar da abinci yadda aka kai masa, har wandonsa ya soma yi masa yawa.

Kai kuwa, mu faɗi gaskiya tunda mu biyu ne, ka riga yarinyar daina shiga. Tun ranar da ya ce maka "Malam, me ke tafe da kai?" gaisuwarka ta koma daga bakin ƙofa, da ƙarfi, kana tafiya. Kada ka damu. Don irinmu aka tsara wannan hanyar.

Mataki na 1: Ka ƙi shawara mai sauƙi

Matarka za ta ce, "Baban Donme, ka zaunar da ita ka gaya mata Kaka ba shi da lafiya ne, ba ƙin ta yake yi ba. Sannan ka kama hannunta ku shiga tare. Minti biyar ya isa."

Ka yi murmushin wanda ya yi karatu mai zurfi. Duk shawarar da za a iya gamawa da ita cikin minti biyar, ka tabbata ba a yi tunani a kanta ba. Ka bayyana mata cewa yaran yanzu ba sa gane magana da baki, sai an haɗa musu da hoto. Ka ce abin da ake bukata shi ne littafin yara mai zane, wanda zai fahimtar da yarinya ciwon kakanta a hankali, shafi bayan shafi, ba tare da an tayar wa kowa hankali ba, musamman kai.

Za ta dube ka ta ce, "To." Wannan "to" ɗin kada ka tsaya bincikensa.

Mataki na 2: Ka je kantin littattafai, ka dawo hannu biyu

Ka ware Asabar guda cur. Mai kantin zai nuna maka littafin wanke hannu, da littafin zakin da ya koyi ladabi, da wani na koyon agogo wanda hannun agogonsa ya cire. Ka gaya masa kana neman wanda kaka yake mance jikarsa, kuma su aminai ne. Zai sosa ƙeya, ya hau tsani, ya yi ta motsa kwalaye har ƙura ta sa ku atishawa ku biyu, ya sauko da labarin wata akuya da ta ɓatar da ƙararrawarta.

"Ai duk rashi ne," zai ce. "Yaro mai basira zai gane."

Ka yi masa godiya ka fito. Ka ci riba biyu: ka yini a waje da hujja, sannan yanzu ba makawa kai za ka rubuta littafin da kanka. Mutumin da ke rubuta littafi kuwa ba a tambayarsa don me bai leƙa ɗakin kowa ba.

Mataki na 3: Ka zana abin da hannunka ya iya

Kada ka zana mahaifinka yadda yake, za a gane shi. A littafin yara dabba ake sawa. Sai dai in kai ma irina ne, mai zanen taswirar gidaje, wanda shekara goma sha bakwai hannunsa bai ja layi ba sai da rula, to akwai 'yar matsala.

Ni na fara da kunkuru, ya fito ɗaki biyu da falo. Na koma giwa. Ina cikin yi mata kunne abokin aikina na tebur na gaba, wanda muke kira Saura Kaɗan saboda amsarsa ke nan a kan kowane aiki, ya leƙo ya ce, "Wa ya ba ka zanen gareji ba ka faɗa mana ba?"

"Giwa ce."

Ya daɗe yana kallo. "To ina za a shigar da motar?"

Don haka ka daina faɗa da baiwarka. Kaka zai zama kabad, dogo, mai aljihu goma sha biyu. Jikar za ta zama 'yar kujera. Ka sa wa kabad ɗin tabarau, tagogi biyu ƙanana sun isa. Labarin shi ne: Kabad da Kujera aminai ne. A kowane aljihu Kabad yana ajiye wani abu, nan sunayen mutane, nan ranakun mako, nan hanyar gida. Sai makullan suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan ya dubi Kujera bai gane ta ba, ta gudu ta ɓuya a bayan ƙofa, shi kuma ya yi ta kuka.

Za ka tarar hannunka ya rubuta tsayin kabad da faɗinsa a gefe, ya kuma sa kibiya mai nuna arewa a kowane shafi. Ka bar su. Yaro bai yi ƙanƙanta da sanin arewa ba.

Mataki na 4: Ka nemi ra'ayin dangi, don a raba laifin

Ka fara da yayarka, wadda ke wani gari, ba ta zo ba tun bara, amma ta fi kowa sanin halin da ake ciki. Ka tura mata hotunan shafukan ta waya. Kafin ka ajiye wayar za ta kira.

"Ubanmu ne kabad? Mutumin da ya koyar da rabin gari? Kai ko kunya ba ka ji?"

"Yaya, misali ne."

"Sannan wane ciwon mantuwa? Gajiya ce kawai. Ni duk sanda na kira yana gane ni sarai, har da ladabi yake amsa mini."

Kada ka gaya mata cewa in ta kira yana ɗauka daga ofishin ilimi ne, shi ya sa yake miƙewa tsaye ya gyara riga. Ka bar ta da farin cikinta. Sharaɗinta ɗaya ne: a ƙarshen labari a kawo kafinta ya buɗe aljihunan duka, kowa ya yi dariya.

Daga nan ka je wurin ƙanin matarka, likita. Zai cire kalmar "makulli" ya sa wata mai harafi goma sha huɗu, wadda kai kanka sai ka huta a tsakiyarta. Ka mayar da makullinka bayan ya juya baya. Amma da ka kawo maganar kafinta zai ajiye biro ya ce, "Yaya, kada ka sa. Wannan ciwon ba shi da kafinta. In ka yi wa yarinyar alkawari, jira za ta yi ta yi."

Yanzu kana da yaya mai son kafinta da suruki mai hana kafinta, da shafin ƙarshe fari fat. Mafita mai sauƙi ce. Ka ɗauki rula ka rubuta ƘARSHE da manyan haruffa, ka ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mataki na 5: Ka gwada a kan yarinyar

Ka zaɓi lokacin da ta ƙoshi. Ka zaunar da ita a teburin cin abinci, ka gyara murya, ka karanta da muryar kabad, wato daga can ƙasan maƙogwaro. Za ta bar ka ka kai shafi na uku.

"Abba, don me kabad ya sa tabarau ɗin Kaka?"

"Ba na Kaka ba ne. Nasa ne."

"Don me aka rubuta masa lamba a gefe?"

"Tsayinsa ne."

"Don me hawayensa suke da kusurwa huɗu?"

Ka wuce wannan, ka juya shafi. Idan kun zo inda Kujera ta ɓuya a bayan ƙofa, tambayoyin za su ɗauke ɗif. Za ta sa yatsa a kan kujerar. Nan ne damarka, ka yi maza ka zuba darasi: "Kin gani? Kabad bai ƙi ta ba. Makulli ne ya ɓata. Saboda haka ya kamata Kujera ta koma."

"To kai don me ba ka komawa?"

Ka shirya wa wannan tambayar tun da wuri, domin ni ban shirya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina aikin littafi." Ta dube ni irin kallon uwarta, ta sauka daga kujera, ta wuce ƙofar kakanta manne da bango. Ka rubuta a ranka cewa gwajin farko ya yi nasara daidai gwargwado.

Mataki na 6: Ka manta littafin a kan tire

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba a yin sa da gangan. Kana sauri za ka fita aiki, ka ajiye littafin a kicin a kan tiren shayin tsohon, matarka ta ɗauka ta kai masa ba ta lura ba. Ko kuma ta lura. Har yau ba ta ba ni amsa ba.

Ga abin da ka manta. Tsohon ya mance sunan titinku, ya mance ya yi ritaya, wata ran ma sai ya riƙe cokali yana juya shi yana tunanin amfaninsa. Amma hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana duba aikin yara bai mance komai ba. Jan biro ba ya barin aljihun rigarsa. Duk takardar da ta shiga ɗakin nan ba ta fita lafiya. Kalandar bango ta samu shida cikin goma. Takardar maganinsa ta samu biyu, da gargaɗi a kan munin rubutu.

Da yamma za ka dawo ka tarar da littafinka a kan teburi, ja ko'ina. Shafi na biyu: "Kabad ba ya magana. Wa ya koyar da kai?" Shafi na huɗu, kusa da kibiyar: "Ina ruwan yara da arewa?" Shafi na bakwai: "Hawaye ba bulo ba ne." A shafin ƙarshe kuwa, ƙarƙashin layinka biyu: "Wannan ba ƙarshe ba ne, gajiya ce. Uku cikin goma. A sake. Marubucin ya same ni a ofis."

Za ka tsaya a kicin, magidanci mai shekara arba'in da uku da furfura a gemu, kana huci a kan uku cikin goma. Ka yi hucinka. Amma zan gaya maka abin da ke ƙarƙashinsa, don kada ya zo maka bagatatan: rubutun bai canza ba ko kaɗan. Irin wannan karkatar, irin wannan da'irar da yake zagaye maki da ita. Na ji daɗin ganin sa har na ji kunya, domin wata uku ke nan ban ji ubana ya yi mini magana kai tsaye ba sai a kan wannan takardar.

Matarka za ta ce daga bakin murhu, ba tare da ta juyo ba, "Yau ya cinye burodinsa duka. Yana duba littafin yana ci."

Kada ka je ofishin hedimasta. "A sake" aka ce, ka sake.

Mataki na 7: Ka mayar da matarka masinja

Daga yau kullum da safe sabon bugu zai hau tire tare da shayi, da yamma ya dawo da ja. Ka sani cewa mai dubawar kullum sabon karatu yake yi, bai san ya taɓa ganin littafin ba. Wannan ba cikas ba ne. Marubuta da yawa suna neman mai karatu irin wannan ba su samu ba.

Ran Litinin zai ce a cire kujerar, ba ta da aiki. Ka cire. Ran Talata zai rubuta, "Ina abokin kabad? Ba a barin mutum shi kaɗai a labari." Ka mayar. Ran Laraba zai ba ka biyu saboda gyaran da shi ya ce a yi. Ran Alhamis zai ba ka shawara ta uba: "Marubucin ya gwada zanen gidaje, wataƙila a can abincinsa yake."

A ofis aikinka zai fara tangaɗi. Saura Kaɗan zai rufa maka asiri gwargwadon iyawarsa, wato zai riƙa ce wa kowa saura kaɗan. Wata rana wani ɗan kasuwa zai dawo da taswirar shagonsa yana tambayar don me aka sa wa ɗakin ajiya tabarau. Ka ce sabon salo ne na shan iska.

Tsohon zai koma cin abinci, wandon ya zauna. Kada wannan ya ruɗe ka, ba shi na yi maka alkawari ba. Yarinyar har yanzu bango take bi. Tana jin tarinsa daga ɗaki sai ta ƙara sauri, kuma ta daina kallon motoci ko a titi.

Wajen bugu na takwas matarka za ta dire tiren da ƙarfi har kofi ya yi tsalle. "Ni fa ban yi aure don in zama masinja tsakanin hedimasta da ɗalibinsa ba. Taku goma sha biyu ne daga kicin zuwa ɗakin Baba, na ƙirga."

Ka gyara mata cikin ladabi cewa goma sha ɗaya da rabi ne, kai ka zana gidan. Sannan ka matsa daga inda hannunta zai kai.

Mataki na 8: Kada ka goge koren rubutu

Ka bar bugu na tara a buɗe a kan teburi, ka shiga wanka. Donme za ta zo wucewa ta hango ja. Ta san wannan jan, shi ne yake duba mata zane-zanenta tun tana shekara huɗu. Za ta hau kujera ta bi da yatsa. A shafin da Kujera ta ɓuya a bayan ƙofa, tsohon ya rubuta: "Wannan kujerar ba ta kyauta ba. Ta bar amininta yana kuka. A hukunta ta."

Kana fitowa za ka tarar da ita fuska murtuk, da koren fensirin kala a hannu kamar za ta karya shi. A ƙarƙashin jan ta rubuta da manyan haruffa masu hawa da sauka: "BA GUDU TA YI BA. SHI YA KORE TA." Ita da kanta za ta kai littafin kicin ta ɗora a kan tire.

Hannunka zai yi ƙaiƙayi ya ɗauki abin gogewa, don rubutun ya ƙetare layin gefe da kusan santimita biyu. Ka zauna a kan hannun.

Da yamma amsa za ta dawo: "Hujja mai kyau. Takwas cikin goma. Amma in ya kore ta, ai bai san ita ba ce. Ta dawo ta faɗa masa sunanta. In ya sake mancewa ta sake faɗa, sunan ba ƙarewa zai yi ba."

Za ka karanta a tsaye sau uku. Za ka kuma lura cewa ita da layi ɗaya ta ci takwas, kai da bugu tara ba ka taɓa wuce huɗu ba. Ba a kishi da 'yar shekara bakwai. In ya zama dole, ka shiga banɗaki ka yi a can.

Ita kuma za ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi. Ba za ta ce don me ba. Za ta ɗauki koren ta rubuta: "IN YA SAKE KORAR TA FA?"

Washegari da rana amsar za ta fito, gajeriya, irin wadda ya saba rubuta wa iyayen yara shekara talatin da ɗaya: "Ta zo da mahaifinta. Ƙarfe huɗu."

Mataki na 9: Ka nemi hanyar gudu, ka rasa

Kana da zaɓi da yawa. Tankin ruwa yana bukatar a duba shi. Tayar mota kamar ta yi sanyi. Ana iya kiran ka ofis in ka roƙi Saura Kaɗan ya kira. Ka fara da tankin.

Sai dai huɗu saura minti goma matarka za ta damƙa maka tiren shayi a hannu, ta rataya jakarta, ta ce za ta gidan ƙanwarta, ta ja ƙofa. Ka juya ka ga Donme a tsakiyar falo. Ta sa takalmin makaranta da kanta, ta saka safa ɗaya a bai-bai, ta rungume littafin a ƙirji. 

"Abba, an ce in zo da mahaifina."

A nan ilimina ya ƙare. Ba ni da wata dabara da zan koya maka. Ka riƙe tiren da hannu ɗaya, ka ba ta ɗayan.

Ita za ta ƙwanƙwasa. "Shigo," zai ce, da muryar nan da ke sa manyan mutane su duba ko rigarsu a cikin wando take. Yana zaune a teburinsa na bakin taga, ya saka maɓallan riga a karkace, jan biro a aljihu. Wata uku ba ka ga fuskarsa daga kusa ba. Wuyansa ya rame, kunnuwansa kamar sun ƙara girma. 

"Na'am? Me ke tafe da ku?"

Farcenta zai shige tafin hannunka. Za ta ja numfashi ta faɗa a tare, kamar wadda ta yi ta maimaitawa a hanya: "Sunana Donme. Ni jikarka ce. Ni ce nake ƙirga farare."

Zai daɗe yana kallon ta ta saman tabarau. Bai gane ta ba, kada ka yaudari kanka.

"Farare me?"

"Motoci."

"To kin makara. Tun ɗazu uku suka wuce. Zauna."

Za ta saki hannunka ta jawo kujerarta, wadda take nan inda ta bar ta kwana talatin da bakwai.

"Don me ba ka ƙirga mini ba?"

"Ba na yi wa ɗalibi aikinsa."

Kafin ka gama ajiye tiren sun fara musu a kan wata mota mai ruwan toka, ita ta ce fara ce ta yi datti, shi ya ce ba a ba da maki a kan datti. Ka fara ja da baya a hankali, ƙofa taku uku ce kacal. Sai dai zai juyo.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Kai ne kuma mai kabad ɗin nan?"

"Ni ne."

Zai girgiza kai, amma ba da faɗa ba. "Hannunka irin na ɗana ne. Shi ma ko rana ya zana sai ta fito da kusurwa."

Donme za ta juyo daga taga. "Kaka, ai shi ne ɗanka."

Tsohon zai yi dariya har da tari. "Wannan mai gemun? A'a, yarinya. Nawa ɗan ƙarami ne." Zai miƙa hannu daidai tsayin teburi ya nuna. "Ya daɗe bai shigo ba. Ina jin tsorona yake ji, na cika matsa masa a kan maki." Sai ya dube ka sosai, cikin ladabin da ake yi wa baƙo, ya ce, "Ko ka gan shi a hanya?"

Sanarwar zame kai

Na yi alkawarin yarinya za ta koma ɗakin, kuma ta koma. Kullum ƙarfe huɗu take ƙwanƙwasawa ta faɗi sunanta. Wata rana sau biyu take faɗa. Wata rana ya ce ta koma gidansu, ta fita baranda ta ƙirga goma ta sake ƙwanƙwasawa. Iyakar abin da ke wuyana ke nan, na sauke.

Babu ruwana da fushin yayarka, ko ɗan kasuwar da ya riga ya gina shago mai tabarau, ko duk wani "to" da matarka za ta ƙara yi maka. Ba na karɓar ƙorafi a kan cewa an ce ba za ka taka ɗakin ba ga shi ka taka. Wanda ya yarda da marubucin da bai taɓa wuce huɗu cikin goma ba, shi ya so. Littafin nan ba ya warkar da kowa, makullan kuma ci gaba da ɓacewa suke yi, mako-mako.

Sannan kada wani ya zo yana tambayata me ake ce wa uban da ya tambaye ka ko ka ga ɗansa a hanya. Ban sani ba. Ni dai na ce masa na gan shi, yana nan tafe. Ya gyara kwalar rigarsa ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa, ni kuma na jawo wata na zauna kusa da shi, muna jiran yaron tare.